Ranar da Garkuwan Mata Ya Yini a Zaure

Duk wanda ya zaga ƙasar Daura, daga Sandamu har Babban Mutum, bai gaisa da Dakta Mainasara ba, to ya yi asarar man mota. Mutum ne da Allah ya cika da ilmi har ya yi masa yawa, yana tsiyayowa ta baki ko ba a taɓa shi ba. Yana koyar da nazarin zamantakewar al'umma a wata kwaleji da ba zan ambaci sunanta ba, don ina da 'ya'yan da ke neman gurbin karatu. Ɗalibai suna kiransa Kusugu. Shi a zatonsa zurfi ake nufi. Su kuwa zamanin maciji suke tunawa, lokacin da sau ɗaya a mako ake samun ruwa.

Amma sunan da ya fi kwanta masa a rai shi ne wanda ya raɗa wa kansa: Garkuwan Mata. Ba a fada aka naɗa shi ba. Zama ya yi ya duba ƙasar nan gabas da yamma, bai ga wanda ya cancanta kamarsa ba, sai ya kira mai fenti ya rubuta masa a bayan mota. Wanda ya tsaya jiran a yabe shi, ai sai ya tsufa da sunan yanka.

Kuma kada a zalunce shi, ya sha wuya kafin ya kai nan. Ya taɓa zuwa ƙasar Turawa wani kwas da bai kai tsawon damina ba, ya dawo da rigar sanyi da ƙiyayyar wariya. Tun daga lokacin ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwarsu ba tare da an ji labarin Baturiyar da ta janye jakarta da ya zauna kusa da ita a jirgin ƙasa ba.

"A ranar na gane," zai ce, hannu a ƙirji, ido a sama, "cewa fifikon launin fata ba hukuncin Allah ba ne, gini ne na ɗan Adam. Na rantse ba zan huta ba sai na ga bayansa. Ɗan Adam ɗaya ne, jama'a. Ɗaya tak."

Bai huta ba kuwa. Har gobe in maigadin kwaleji, wani dattijon Buzu, ya miƙo masa hannu, Dakta yakan ba shi yatsu biyu, don daidaito abu ne da ake shiga a hankali.

A fannin mata kuwa ba a magana. Matarsa Murjanatu ta karanci kimiyyar halittu, takardar shaidarta tana ƙasan akwati tare da zannuwan lefe. In aka tambaye shi, sai ya yi murmushin manya. "Matata 'yantacciya ce. Ni da kaina na ba ta 'yancin zaɓar zaman gida, kuma ta zaɓa."

Bara ya shirya gagarumin taro a kan mata da kimiyya. Babban tebur ya cika maƙil da masana, kowa da gemunsa. Mace ɗaya da ta hau dandamalin ta zo gyara lasifika ne. Da aka zo lokacin tambayoyi wata malama ta ɗaga hannu, Dakta ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, amma ya san abin da take son tambaya. Ya yi tambayar a madadinta, ya yaba da zurfin tambayar, sannan ya amsa.

Malamar nan ita ce Rauda, mai koyar da kimiyyar sinadarai a kwalejin. Ita ta fara tara 'yan matan sakandare duk Asabar a wani tsohon aji, tana nuna musu yadda ake auna ruwan rijiya a gane mai kyau da mai cuta, da yadda ake leƙa ɗigon ruwa ta madubin likita a ga abin da ke iyo a ciki. Ta daɗe tana fama ita kaɗai, babu mai ce mata sannu. Da abin ya fara suna, sai Dakta ya lura aikin maraya ne, yana buƙatar uba. Ya ɗauke shi riƙo. Rauda na wanke kwalabe, shi yana hira da gidan rediyo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yana ji da ita ƙwarai. In baƙo ya shigo ofis yakan nuna ta da baki, ya rage murya daidai yadda za ta ji: "'Yar mahauta ce fa. Amma ka ga ni ban taɓa nuna mata ba."

Ana nan sai wata gidauniya ta ƙasar waje ta ji labarin ajin Asabar. Ta aiko cewa za ta kafa cibiyar mata da kimiyya a kwalejin, da ɗakin gwaji, da kayan aiki, har da mota. Tawaga za ta zo ta ga aikin da idonta, ta kuma zaɓi wanda zai shugabanci cibiyar. Daga ranar Dakta bai ƙara ganin komai a duniya ba sai wannan kujera. In yana alwala ita yake gani a cikin buta.

Wani abokin aikinsa mai son tsokana, Malam Anwar, ya tambaye shi ko ba zai fi dacewa mace ta riƙe cibiyar mata ba. Dakta ya dube shi da tausayi.

"Wannan tunanin kasuwa ne, Malam Anwar. A ƙa'idar bincike, dole mai nazari ya tsaya nesa da abin da yake nazari. Mace in ta riƙe cibiyar mata, son kai zai shigo. Ka taɓa ganin likita ya yi wa kansa tiyata? Ni kuwa ba ni da wata riba a cikin lamarin. Sadaukarwa ce kawai."

Duk maganar waya da gidauniya Rauda ce take yi, don Dakta ba ya ƙananan ayyuka. Kuma ta gaya masa wanda zai jagoranci tawagar. Ta faɗa masa a ofis, ta maimaita a bakin mota, da Hausa tsantsa: mace ce, 'yar ƙasar nan ce, ga sunanta. Sai dai Allah ya yi wa Garkuwan Mata wata baiwa ta daban. Da zarar mace ta buɗe baki, kunnensa yakan tafi hutu, shi kuma ya yi amfani da damar ya shirya abin da zai faɗa na gaba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, madalla," zuciyarsa na can wajen tela tana auna tsawon Baturen da za a ɗinka wa riga. Gidauniya daga Turai, ai shugaba sai Bature. Wannan ko ba a yi digiri ba an sani.

Saura masauki. Gidansa na kwatas ɗin malamai bai dace da ranar tarihi ba. Sai ya aro gidan Alhaji Harisu, dillalin shanu a Sandamu, mai zaure kamar masallaci. Ranar ta faɗo Lahadi, Alhaji zai tafi kasuwar Mai'aduwa, ya bar masa gidan da sharaɗi guda: maza iyakarsu zaure. Gidan kulle ne, an rubuta Ba Shiga a saman ƙofar ciki. Ko da ruwan sama zai wanke rubutun, akwai Iya, mahaifiyar Alhaji, wadda ba ta wankuwa.

Sharaɗin ya yi wa Dakta daɗi. Ya tsara komai tsaf. Manya a zaure, a kan kujeru da darduma. Rauda da ɗalibanta da Murjanatu a cikin gida, wajen tukwane. Kwalabe da madubin da Rauda ta kwaso don a nuna wa baƙi, ya ce a shige da su ciki, kada su cika wa mutane wuri. In an buƙaci 'yan matan don hoto za a kira su.

"Ba wariya ba ce," ya yi wa Malam Anwar bayani tun kafin ya tambaya. "A ilmance ana kiran wannan rabon ayyuka."

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka ga wani saurayin Bature ya fito, dogo, rana ta mai da fuskarsa kamar tumatir, da jaka a baya da wata a hannu. Bayansa wata mata ta sauko, gajera, baƙa, da atamfa da mayafi marar ado, da takalmi irin na zuwa gaisuwar maƙwabta. Dakta ya wuce ta kamar an wuce turken awaki, ya kama hannun Bature da hannu bibbiyu.

Bari ni da ku mu san abin da Dakta bai sani ba. Matar nan ita ce Farfesa Adawiyya, haifaffiyar Babban Mutum, wadda ta yi shekara da shekaru tana koyar da Turawa kimiyya a ƙasarsu, kuma ita ce mai wuƙa da nama a tawagar. Saurayin ɗalibinta ne, ya biyo ta don ɗaukar hoto. Jakar hannun ma tata ce.

"Barka da sauka, ya kai fitilar ilmi," in ji Dakta, da Turanci sannan da Hausa, don kada wani ya yi asara. "Na zaɓo maka gida na asali. Maza a waje, mata a ciki, kowa da martabarsa. Al'adarmu abin alfahari ce."

Kafin baƙo ya ce uffan an zura masa babbar riga mai aska, an kifa masa hula. Ya tattaro 'yar Hausar da ya koya a jirgi ya ce, "Ni ɗalibi ne."

Dakta ya juyo ga jama'a, idonsa har ya kawo ruwa. "Kun ji tawali'u? Haka manyan masana suke. Ni ma kullum abin da nake faɗa ke nan a kaina."

Sai a lokacin ya lura da matar. "Baiwar Allah, ke ce tafinta? An gode, ba ma buƙata, Turancina ya ishe mu. Malama Rauda, shiga da ita ciki a ba ta fura. In tana da hannun girki ma, bismilla."

Rauda ta buɗe baki. Farfesa ta matse mata yatsa, ta ɗan rusuna ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta karɓi jakarta, ta yi wa ɗalibinta wani kallo mai cewa zauna ka sha kallo, ta bi Rauda suka shige.

A zaure Dakta ya kunce bakin famfo.

"Ranka ya daɗe, babban laifin kimiyya shi ne ta koya wa baƙar fata raina kansa. An cusa mana cewa ilmi fari ne, duk abin da bai fito daga bakin Bature ba tatsuniya ce. Wannan ciwo ne, kuma a iya bincikena ni kaɗai na warke daga gare shi a yankin nan. Ko ba haka ba? In na yi kuskure ka gyara mini, kai ne ka sani."

Ya fizge mafici daga hannun Malam Anwar, ya shiga yi wa baƙo fifita da kansa.

"Mace kuma an rufe mata ƙofar ɗakin gwaji tun kaka da kakanni. In ta yi aiki, namiji ya sa sunansa. In ta fara magana, a katse ta. In ta shigo taro, a ɗauka shayi ta kawo. Abin kunya ne, ranka ya daɗe. Ni in na ga irin wannan, jikina har rawa yake yi."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Bature na ta zufa cikin riga, yana ɗaga yatsa kamar ɗan aji mai neman izinin zagayawa, Dakta yana ɗauka jinjina ake yi masa.

Daga cikin gida kuwa ba a jin daka, ba a jin ludayi. Sai ƙarar kwalabe, da muryoyin 'yan mata suna rige-rigen amsa tambaya, can kuma a fashe da dariya. Aka yi azahar aka dawo, abinci bai fito ba. Dakta ya ba baƙo haƙuri. "Ka san mata in sun haɗu. Shi ya sa suke buƙatar jagora."

Da ya ga ƙarfe ya yi zafi, sai ya matso da kujera. "To, sai maganar shugabancin cibiya. Ni ba mai son muƙami ba ne, kowa ya sani. Amma in aka matsa mini, ba zan ba ka kunya ba."

Ya tsaya ya kurɓi ruwa. Kurɓar nan ita ce kafa ta farko da ta buɗu tun safe, Bature ya faɗa ta cikinta da gudu. Cikin Turancin da ko ɗan firamare zai gane, ya ce shi ba shi da ta cewa, mai ɗaukar hoto ne. Farfesa ce za ta yanke, kuma tana ciki, inda aka kai ta.

Ruwan ya biyo wa Dakta ta hanci. Malam Anwar ya tuna da wani uzuri na gaggawa a bayan zaure, inda aka jiyo shi yana wani tari da bai yi kama da na mura ba.

Dakta ya tattare riga ya nufi ƙofar ciki. A bakinta ya tarar da Iya a kan kujera 'yar tsuguno, tana goga goro, sandarta a gicciye.

"Ina zuwa, ɗan nan?"

"Iya, lamari ne na ƙasa da ƙasa. Dole in ga baƙuwar nan yanzu."

"Wacce? Mai shan fura?"

"Farfesa ce, Iya. Kuskure aka yi."

"Aka yi, ko ka yi?" Ta watsa goro a baki. "Kai muharramin wa ne a gidan nan?"

"Matata tana ciki."

"Matan ɗana ma suna ciki, kuma ba su yi shirin baƙo ba."

"Iya, ki fahimta. Wannan ƙofa ɗan Adam ne ya ƙirƙire ta, kuma abin da ɗan Adam ya ƙirƙira yana iya canzawa."

"Da safe abin alfahari ce, da rana ta zama ƙirƙira? Ina nan zaune na ji ka da kunnena."

Da ya ga ilmi bai ci ba, sai ya koma roƙo. Iya ta yarda ta kai saƙo. Ta miƙe a hankali, ta bar sandarta gicciye a ƙofa, kuma ko sandar Garkuwa bai iya tsallakawa ba. Ta tafi da nauyin tsufa, ta dawo da wanda ya fi shi.

"Ta ce a gaishe ka. Ta ce baƙo ba ya zaɓen masauki, inda aka ajiye ta nan za ta yi aikinta. Ta ce kuma furar ta yi daɗi."

Ya kira wayar Rauda, ba a ɗaga ba. Ya kira ta Murjanatu, ta ɗaga ta ce, "Ana tsakiyar ganawa, Dakta, sai an fito," ta kashe. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa riga shi kashe waya ba.

Mai neman kujera ba ya rasa dabara. Ya zagaya ta lungu, inda katangar tsakar gida take, ya ga wani tsohon turmi, ya ɗora ƙafa zai hau. Muryar Iya ta biyo shi ta bayan bango, tana sanar da shi cewa leƙen gidan mutane a Sandamu ba a kai shi kotu, a nan take ake biya. Ya sauke ƙafa. Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci katanga, ya soma jawabinsa daga farko da iyakar muryarsa: haihuwarsa, karatunsa, tafiyarsa Turai, da irin hawayen da ya zubar saboda mata. Masu sauraro su ne bijiman da Alhaji ya ɗaure a lungun, suna tuƙa suna kallonsa, sai wata akuya da ta yi tafiyarta tun bai kai sakandare ba.

In ya tsaya jan numfashi, sai ya jiyo abin da ake yi a ciki. Wata yarinya tana bayanin abin da suka gani a ruwan rijiyar gidan, Rauda tana gyara mata a natse. Sai kuma wata murya da ya sani kamar yunwar cikinsa, tana warware yadda ƙwayar cuta ke hayayyafa a randar da ba a wankewa, Farfesa tana cewa, "Ci gaba, ina jin ki." Murjanatu ce. Ya yi mamakin inda ta koyo doguwar magana haka, don shi dai bai taɓa jin ta kai ƙarshen zance ba.

Wajen la'asar aka miƙo wa zaure abinci, ƙanzo da sauran romo, don masu ganawa sun ci sun ƙoshi tuntuni.

Bayan salla matan suka fito, Farfesa a gaba. Dakta ya tarbe ta da rusunawa har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, ai tun da kika sauko daga mota na ga hasken ilmi. Gwaji ne na shirya, irin namu na masana zamantakewa, don in nuna wa jama'a a aikace yadda ake raina mata."

"Gwajin ya yi kyau," in ji Farfesa. "Na kuma gode da masauki. Da a zaure ka ajiye ni, da jawabi zan sha in koma. A ciki na ga aikin, na ga masu yin sa. Malama Rauda ce za ta riƙe cibiya. Maiɗakinka kuma ta ce tana son ta riƙa koyarwa ranar Asabar. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba a gidan Garkuwan Mata za a hana ba."

A nan haƙuri ya ƙare. Wanzami ba ya son jarfa. Dakta ya miƙe, wannan karon babu hannu a ƙirji, babu ido a sama.

"Wannan ba adalci ba ne. An zauna an yanke magana a kaina a wurin da ba ni da ikon shiga. Ba a tambaye ni ba, ba a ji ta bakina ba. Ba don an gwada ni na kasa ba, sai don kawai yadda Allah ya halicce ni. Na yini a bakin ƙofa ina jin ana dariya a ciki. Na yi magana har maƙogwarona ya bushe, babu wanda ya saurara. Kun san zafin wannan kuwa?"

'Yan matan suka dubi juna. Rauda ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi. Murjanatu ta sami wani abu mai muhimmanci a bakin mayafinta ta shiga dubawa.

Farfesa ta jinjina kai. "Dakta, na karanta rubuce-rubucenka kafin in taso. Ban ga inda ka fahimci fanninka kamar yanzu ba."

Iya ta tofar da tuƙar goro, ta dogara sanda ta miƙe.

"Yini guda ke nan fa ya yi," ta ce. "Da zai kai shekaruna a bayan ƙofa, ai da shi ma ya zama farfesa."